Maƙulashen gyaɗa mai hawa-hawa: inda masu koyo ke ɓata shi

Daga Amurka wannan maƙulashe ya zo mana: dakakken biskit a ƙasa, haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa da cukun kirim (cuku mai laushi, wato cream cheese) da bugaggen kirim na madara a tsakiya, cakulan a sama, ba gashi ba dahuwa. Shi ya sa ake raina shi. Na gaji da ganin tiren da ya koma kunu, kuma kullum a wurare iri ɗaya ake yin tuntuɓe.

Babbar matsala ita ce gyaɗar kanta. Masu girkin can da ta kwalba suke aiki, irin su Skippy da Jif, waɗanda aka sa wa daskararren mai don kada su rabu. Tamu da ake soyawa a kai inji ba ta da wannan. Ki ajiye ta kwana biyu, mai zai taso sama, mai tauri ta kwanta ƙasa. Sai mace ta buɗe roba ta ɗebo na sama kawai, ta zuba cikin kirim. Haka ta faru da ni ranar sunan ɗiyar ƙanwata: mai ya kwanta tsakanin hawa da hawa, ana sa wuƙa cakulan ya zame gefe, ga baƙi cike da falo, ga kuɗin cuku sun tafi a banza. Tun daga nan nake tsiyaye man da ya taso, in juya sauran har ƙasan roba sai ya zama ɗaya, sannan in auna kofi guda ga cuku giram 225. Wasu na barin man. Ni ban yarda ba. Kuma ki zauna ki tsince gyaɗarki kafin suya. Duk mai fumfuna ko ɗaci ki zubar, don gubar da ke cikinta suya ba ta kawar da ita.

Na biyu gaggawa. Haba 'yar uwa! Abin da sanyi ne kaɗai ke ɗaure shi, za ki fara haɗawa da la'asar ki ce da magariba za a ci? Biskit na son minti 30 a firij kafin a ɗora masa komai. Hawan gyaɗa ma sai ya kama jikinsa. Amma sai ki ga an sauke cakulan yana tururi an kwarara a kan kirim, sannan a zo ana tambaya me ya sa ya narke. Ki bari ya huce har ki taɓa da yatsa ki ji ba ɗumi. Bayan kin gama, awa 4 a firij ne mafi ƙaranci, ni kuwa kwana nake bari ya yi. Idan kin san wutar unguwarku ba tabbas, kuma ba sola ba janareta, ki haƙura da shi ranar, musamman a zafin Afrilu. Kirim da cuku ba sa wuce awa 2 a waje, da zafi ma awa 1.

Sauran ƙanana ne. Sukari mai tsakuwa ba zai narke ba tunda ba wuta, ki yi amfani da mai gari. Cuku ya sha iska kafin bugu, in ba haka ba ya yi gudaji. Kirim kuwa da sanyinsa ake buga shi, yana tsayawa ki dakata, in kika zarce zai tsinke. Ɗigon ruwa ɗaya na dunƙule cakulan, ki goge kwano da cokali. Biskit giram 250 na buƙatar narkakken bota giram 100, ki danne da gindin kofi.

Wajen yanka, ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge bayan kowane yanki. Kafin ki miƙa wa yaran maƙwabta, ki tambayi iyayensu ko akwai wanda gyaɗa ke tayar wa da rashin lafiya, domin ga wasu abin na kaiwa har ga toshewar numfashi.