Malinois ko Husky: wanne ne zai zauna lafiya a gidanka a Kaduna?

Karnuka biyu ne samarin Kaduna suka fi tambayata a kansu yanzu, Malinois da Husky. Girmansu ya yi kusa, ba su kai Boerboel ko Rottweiler jiki ba, kuma duka biyun ba su san gajiya ba. Iyakar kamanninsu ke nan. Ni Malinois nake riƙe da ita, mace, a gidana da ke Malali. Husky kuwa na san halinsa ne a gidan wani abokina a Barnawa, don ni yake bar wa kulawa da shi idan ya yi tafiya. Kafin ka fara kallon hotunan 'yan kwikwiyo a Facebook, zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: wane aiki nake da shi da zan ba karen nan?

Tambayar tana da nauyi a wurinmu. Hadisin da ya yi magana kan ajiye kare ya ware na farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida idan akwai buƙata. Shi ya sa yawancinmu gadi ne dalili. To, in gadi kake nema, cire Husky daga lissafi tun yanzu. Mutanen Cukci na arewa maso gabashin Saiberiya ne suka raine shi don ya ja musu kaya a kan ƙanƙara, tafiya mai nisa cikin ayarin karnuka. Irinsa na cikin waɗanda suka kai maganin mashaƙo garin Nome na Alaska a 1925, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin tsananin sanyi. Karen da aka yi don gudu cikin ayari kowa nasa ne. Baƙo zai shigo gida da tsakar dare, shi kuma ya tare shi yana kaɗa wutsiya. Fuskar tasa mai kama da ta kyarkeci da shuɗayen idanun nan suna tsorata wanda bai san shi ba, amma mai niyyar ɓarna ba ya daɗewa bai gane ba.

Malinois daban ne. Asalinsa karen kiwon tumaki ne daga yankin garin Malines a Beljiyam, yau kuma 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da yawa shi suke horarwa don sunsuno ƙwaya da abubuwan fashewa da kama masu laifi. Namiji yakan yi kilo 25 zuwa 30, mace kilo 20 zuwa 25. Husky ya ɗan fi shi sauƙin nauyi, namiji kilo 20 zuwa 27, mace 16 zuwa 23. Malinois idonsa kullum na kan maigidansa, jira yake a ce masa yi kaza. Abin da ya sa yake saurin ɗaukar horo ke nan, kuma abin da ya sa yake zama haɗari a hannun wanda ba shi da lokacinsa.

A nan nake so ka tsaya ka duba gidanka da idon basira. Gidan Bahaushe ƙofarsa ba ta hutawa: almajiri zai zo bara, mai ruwa zai turo kura, yaran maƙwabta za su shigo ɗauko ƙwallo, 'yan'uwa za su zo gaisuwa ba sanarwa. Malinois da ba a saba masa da mutane tun yana ƙarami ba, ba zai bambance waɗannan da ɓarawo ba. Tun yana ɗan kwikwiyo cizon wasa ne sana'arsa, bakin wando, takalmi, hannun yaro, duk abin da ya motsa. Watanni huɗun farko su ne lokacin da ake nuna masa duniya, a saba masa da muryoyi da ƙarar babur da mace mai hijabi da tsoho mai sanda, a koya masa zauna, tsaya, saki. In ka bar wannan aikin ga maigadi kai kuma ka fita tun safe sai bayan isha'i, karen zai zama na maigadin, ko kuma ya zama ba na kowa ba, wanda shi ne mafi muni. Raina yana ɓaci idan na ga Malinois ɗaure da sarƙa a bayan gida yini guda yana zagaye wuri ɗaya. Ba mugun kare ba ne, zaman banza ne yake haukata shi.

Duka biyun suna buƙatar motsa jiki kusan awa biyu a kullum, amma ba iri ɗaya ba. Husky ƙafa yake so ta yi aiki. Ka sa masa igiya ku yi gudu, ko ya bi ka kana kan keke, ya gamsu. Kada dai ka kuskura ka sake shi a fili, domin in ya ga hanya kiranka ba ya dawo da shi. Malinois kuwa gudu kaɗai ba ya isar sa, sai ka haɗa masa da aikin kai. Ni bayan sallar asuba nake fita da tawa, mu yi tafiya kafin ababen hawa su yi yawa, da yamma kuma in ɓoye mata ƙwallo a cikin tsakar gida ta nemo da hanci, mu maimaita umarni. Ranar da hakan bai samu ba, gidan gaba ɗaya sai ya sani.

Sai maganar zafi, wadda ita ce babbar matsalar Husky a garin nan. Daga Maris zuwa Afrilu zafin Kaduna yakan kai digiri 35 har ya wuce. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, Husky kuma gashinsa rufi biyu ne. Lokacin hunturu yana cikin jin daɗi, za ka ga kamar an sake shi. Da bazara ta shigo sai lissafi ya canza: yana buƙatar ɗaki mai iska da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da tayil mai sanyi da zai kwanta a kai, da ruwa a gabansa ko da yaushe. Tambayi kanka, idan aka ɗauke wuta da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, kana da sola ko janaretan da za ka kunna saboda kare? In amsar a'a ce, kada ka saya. Kejin kwano a cikin rana kuwa kashe shi ne. Wasu suna aske masa gashi da nufin taimako, alhali gashin nan shi ne yake kare fatarsa daga rana. Abin da ya dace shi ne tajewa a kai a kai, musamman lokacin da yake zubar da gashi, kusan sau biyu a shekara. Zubarwar kuma ba kaɗan ba ce, za ka gan shi a tsakar gida, a kan darduma, a jikin kaya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ka yi shawara da uwargida tun kafin ka kawo shi.

Malinois gashinsa gajere ne, ya fi jure yanayinmu nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma ba ya sanin ya gaji, zai ci gaba da bin ƙwallo har ya faɗi, kai ne za ka tsayar da shi. Ko wanne ka zaɓa, fita da sassafe ko bayan magariba. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Idan ka ga haki ya yi tsanani, yawu na dalala, yana tangaɗi ko amai, kai shi inuwa, zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, kunna masa fanka, sannan ka garzaya wurin likitan dabbobi.

Duba katangarka ma. Malinois yana iya haura katanga mai tsayi in ya sa kansa, Husky kuma ta ƙasa yake bi, ya tona rami ya fice. In kana kiwon kaji ko tattabaru ko zomaye, Husky zai bi su, wannan a jininsa yake, kuma ragon layya ma a raba su wuri. Ba ya yawan haushi, amma yana da wani dogon kuka da dare wanda a unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada ko Rigasa, inda katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, zai jawo maka ƙara wurin mai unguwa. Gidan haya kuwa, ni ban ba da shawarar ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda yake son karen da zai yi haushi in ya ji motsi, ya jure zafi, bai kuma cika laulayi ba, ya je wurin 'yan farauta ya nemi ɗan kwikwiyon karenmu na gida. Muna raina shi ne kawai don ba a saye shi da tsada.

In ka yanke shawara, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Je ka ga uwar da idonka, ka ga inda take kwana da yadda take karɓar baƙo, domin 'ya'yan sukan ɗauko halinta. Ana sayar da ruwa biyu da sunan Malinois sosai, ganin iyayen shi ne kariyarka. Kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Nemi katin rigakafi mai sa hannun likita, ka tambayi tarihin ciwon ƙugu a dangin, a Husky kuma ka ƙara da na ido, don yanar ido na bin jininsu.

Rigakafin farko ana fara shi ne daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16. Kafin a kammala, kada ka bar shi ya taka inda karnukan titi suke bi, saboda cutar fabo mai kawo amai da gudawar jini tana kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta yana wata 3, a sabunta duk shekara, kuma wannan hakkin maƙwabtanka ne a kanka ba na karen kaɗai ba. Da damina kaska ke yawa, ka riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu, don ita ke kawo zazzaɓin da ke shanye jinin kare. In ciwo ya fi ƙarfin likitan unguwa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Abinci kuma, sauran tuwo da miyar gida ba su wadatar da karen da ke gudun awa biyu a rana, ga shi miyarmu ba ta rabuwa da albasa, albasa kuma tana lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji, cakulan da inabi su ma guba ne a gare shi. Shinkafa da nama ko kifi da ƙwai, a dafa masa daban ba yaji ba albasa, ko abincin karnuka na buhu in aljihu zai ɗauka. Ka lissafa kuɗin wata guda, ka tuna cewa duka biyun sukan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya, sannan ka je ka ga mai sayarwa.