Abin da ke dagula rubutu tsakanin kwamfuta da injin bugawa

Na gaji da ganin katin biki ya dawo daga wurin bugawa da rubutu dishi-dishi, sannan yaro ya tsaya a Wunti, cikin garin Bauchi, yana zagin mai injin. Sau da yawa tun a kan teburin mai zanen aikin ya lalace.

Babbar ɓarnar ita ce JPEG, wato fitar da aiki a matsayin hoto. Mutum ya zauna a manhajar zane ta CorelDRAW, ya danna Ctrl+Q ya mayar da haruffansa zane, komai ya yi tsaf, sai kuma ya fitar da aikin a JPEG. To wahalar me ya sha? Harafin da aka mayar zane lissafi ne ke riƙe da gefensa, ko ka faɗaɗa shi ya cika allon talla ba zai tsage ba. Injin da ke ƙona farantin da ake bugawa da shi yakan zana gefen nan a kan 2400 dpi, wato ɗigo 2400 a kowane inci, kai kuwa ka daskarar da shi a 300, wani ma 72. Sannan a ƙara da turawa ta WhatsApp a matsayin hoto, ita ma ta matse shi son ranta. Haka wani yaron shagona ya yi mini da kalandar biki. Hoton amarya ya fita lafiya, amma adireshin wurin kamu da lambobin waya suka zama tabo, har 3 da 8 ba sa rarrabuwa. Daga aljihuna na sake sayen takarda, dangin ango suna tsaye a kaina. Tun daga nan PDF kawai ke fita daga shagona, a launin CMYK, wato launuka huɗun da injin bugawa ke amfani da su, kuma a matsayin fayil ake tura shi.

Na biyu shi ne layin da ake zagaye harafi da shi. Ka sa wa rubutu farin gefe, an je wurin bugawa an rage girman aikin, harafi ya ƙanƙance amma layin yana nan da kaurinsa, ya cinye cikin "a" da "e" gaba ɗaya. Haba ɗan'uwa, danna Ctrl+Shift+Q ka mayar da layin nan shi ma zane, minti nawa zai ci maka? Akwai zaɓin da ke sa layin ya bi girman harafi, amma ni na fi yarda da mayarwar.

Ƙananan rubutu baƙi, bar su a K100 kaɗai, wato baƙin tawada zalla. In ka haɗa launi huɗu, kowanne da farantinsa, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai ka ga inuwa ja a gefen harafi.

Kafin ka danna Ctrl+Q, duba ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya, domin samfuran rubutu da yawa ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani samfurin ko ta sa akwati. Ka kuma ajiye kwafin da ba a mayar ba, don mai aiki zai dawo ya ce an ɗaga ranar ɗaurin aure.

Inuwa ko shara-sharan launi kada su hau kan rubutu, ɗaga rubutun sama da su, in ba haka ba wani sashensa na iya komawa hoto a lokacin fitarwa. In kuma ka buɗe PDF ka ga "l" da "I" sun fi sauran kauri, kada ka taɓa komai tukuna. Ƙara girman shafin sosai a allo ka sake dubawa, yawanci manhajar dubawa ce ke nuna su haka.