Yadda Za Ka Sa Sunanka Ya Fito Idan An Neme Ka a Google

Ɗan ƙanwata tela ne, shagonsa yana wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Bayan ƙaramar Sallah ya same ni ransa a ɓace. Wani ɗan kasuwa ya ga kaftani a jikin abokinsa wurin ɗaurin aure a Abuja, ya tambayi wanda ya ɗinka. Abokin ya tuna suna, amma lamba ta bi tsohuwar wayarsa. Mutumin ya rubuta sunan a Google, sai ga malamin jami'a, ga ɗan ƙwallo, ga ɗan siyasa, duk takwarorin yaron, shi kuwa ko alamarsa. Kafin labari ya iso gare shi an kai ɗinkin wani wuri.

"Kawu," in ji shi, "ni da nake Facebook kullum, yaya za a neme ni a rasa?"

Na ce masa, "Zauna ɗana, mu bi abin daki-daki." Ga yadda muka bi.

Mataki na 1: Ka nemi kanka kamar baƙo

Buɗe Chrome, ka zaɓi shafin sirri, wanda aka rubuta wa Incognito, don kada binciken da ka saba yi ya gyara maka sakamako. Rubuta sunanka tsirara. Sake rubuta shi cikin alamar zance, kamar "Musa Ibrahim", don Google ya nemo kalmomin a jere. Sannan ka haɗa da gari da sana'a. Ɗauki hoton abin da ya fito ka ajiye, da shi za ka auna ci gaba.

Mataki na 2: Ka tsayar da suna ɗaya

A nan yawancinmu muke faɗuwa, kuma a ganina wannan matakin ya fi sauran duka nauyi. Mu Hausawa sunayenmu na yanka ba su da yawa. Shiga kowane aji a Kwalejin Hassan Usman Katsina ka kira Abubakar, ka ga hannu nawa za su tashi. Ga kuma rubutu: mutum ɗaya Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Muhd a Facebook, Mamman a unguwa. A'isha takan zama Aishatu a takardar makaranta, Aysher a Instagram. Google yana ƙoƙarin gane wasu daga cikin waɗannan, amma kana raba masa hankali, kuma ƙarfin da ya kamata ya taru kan suna guda sai ya watse.

Ka zaɓi rubutu ɗaya, ka riƙe shi ko'ina: kan allon shago, kan rasit, a kowane shafi. Idan takwarorinka sun yi yawa, kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala. Ai shi ya sa ake liƙa wa mutum sunan gari ko unguwa ko sana'a: wane Mashi, wane Rimi, wane Maiadua, wane Maishinkafa. Inkiyar da aka san ka da ita dukiya ce a nan, kada ka yar da ita don kana ganin ba ta zamani ba ce. Idan kuwa sunanka Muhammadu Buhari kuma a Daura kake, kada ka ɓata lokaci wajen takara da marigayi tsohon shugaban ƙasa a shafin farko. Ƙara suna na uku da sana'arka, a nan filinka yake.

Sai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Ina son a rubuta Ɗanjuma da Ƙanƙara daidai, kuma haka nake rubutawa. Amma mafi yawan masu nema da d da k na kan waya za su buga. Saboda haka ka sa ingantaccen rubutun a kanun shafinka, ka bar ɗayan ya bayyana sau ɗaya ko biyu a cikin bayani da adireshin shafin.

Mataki na 3: Ka gina shafin da kai ke da shi

Shafin sada zumunta gidan haya ne, ana iya rufe shi da dare ɗaya. Ka samu naka. Blogger da WordPress suna bayar da shafi kyauta. Idan da hali, ka sayi adireshi mai ɗauke da sunanka, mai ƙarewa da .ng ko .com.ng. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, ana kuma sabuntawa duk shekara.

Kanun shafin ya kasance gajere: suna, sana'a, gari. A ƙarƙashinsa ka rubuta ko kai wane ne, me kake yi, tun yaushe, a ina. Ka rubuta da Hausa, ka ƙara ƴan layuka da Turanci idan kana neman abokan ciniki daga Kudu. Rubutun ya zama na bugawa. Wanda ya zuba bayaninsa duka a cikin hoton fosta ya ɓoye wa Google abin da ya fi iya karantawa. Hotunan aikinka ma ka canza musu suna kafin ka ɗora, daga jerin lambobin kyamara zuwa sunanka da abin da ke cikin hoton.

Daga nan ka yi rajistar shafin a Google Search Console, wurin da masu shafi ke sanar da Google shafinsu, kyauta ne, ka nemi a shigar da shi cikin sakamakon bincike. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Mataki na 4: Ka buɗe ƙofofin da ka rufe da kanka

Matsalar ɗan ƙanwata a nan ta fito. A saitin sirri na Facebook akwai tambayar ko kana son injinan bincike na waje su nuna shafinka, shi kuma ya kashe ta tun shekarun baya ya manta. LinkedIn ma yana da irin wannan saiti. Abin da ka ɗora a sitatus na WhatsApp kuwa Google ba ya ganinsa sam. Kowane shafi naka ya ɗauki suna ɗaya, hoto ɗaya, da adireshin babban shafinka.

Mataki na 5: Mai shago ya hau taswira

Google Business Profile, wurin da ake sa shago a taswirar Google, kyauta ne. Sa sunan shago, wuri, lokacin buɗewa da lambar kasuwanci. Za su tantance ka, sau da yawa ta bidiyon shagon. Ka roƙi kwastomomin gaske su rubuta ra'ayinsu. Kada ka sayi yabon ƙarya: ya saɓa wa ƙa'idarsu, kuma yaudara ce.

Mataki na 6: Ka samu masu shaidarka

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ginshiƙin tsarinsu shi ne duba shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, wato waɗanda suka sa adireshinsa. Kamar neman aure ne: abin da ka faɗa game da kanka yana da amfani, amma shaidar mutanen kirki ta fi nauyi. Idan jarida ta yi hira da kai, ko ƙungiyar sana'arku ta jera mambobinta, ko makaranta ta gayyace ka lacca, ka roƙa a rubuta sunanka yadda ka tsayar, a kuma sa adireshin shafinka. Malamai da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su buɗe Google Scholar da ORCID, shafukan da masu bincike ke jera rubuce-rubucensu, su tattara ayyukansu ƙarƙashin suna guda.

Za ka haɗu da masu cewa ka biya su kai ka sahun farko cikin kwana uku. Ka guje su. Sayen nuni daga wasu shafuka laifi ne a wurin Google, yana iya jawo a danne shafinka. Wikipedia ma ba wurin tallata kai ba ne, masu gyara sukan goge shafin da mutum ya rubuta wa kansa ba tare da majiya mai zaman kanta ba.

Mataki na 7: Ka san abin da ba za ka fitar ba

Da halin tsaron da jiharmu ke ciki, ina roƙonka kada ka sa adireshin gida, makarantar yara ko hoton katin shaida. Adireshin shago ya isa. Idan wani ya wallafa lambarka ko gidanka ba da izini ba, Google yana da fom na neman a cire shi daga sakamakon bincike, amma sai ka tuntuɓi mai shafin kafin ya fita daga can. Ka kuma sa sunanka a Google Alerts, za a aiko maka da imel idan ya bayyana a sabon wuri.

Shi ɗan ƙanwata, kusan wata biyu bayan mun fara, idan aka rubuta sunansa da "tela Katsina" shagonsa ne ke fitowa da taswira. Sunan tsirara har yanzu malamin jami'ar ne a sama. Yanzu duk Juma'a yana ɗora hoton ɗinki ɗaya da layi uku na bayani, mun kuma yi alkawari bayan babbar Sallah mu sake dubawa mu gwada da hoton farko.