Yadda Ake Gano Halin Babbar Lamba

Duk wanda yake son sanin halin babbar lamba, ya fara da wargaza ta zuwa ƙananan lambobin da suka gina ta, domin kusan duk sauran bayanai daga nan suke fitowa. Waɗannan tubalan su ne lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa da komai sai 1 da kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Bari mu gwada da 45,360.

Dubi alƙalamin ƙarshe tukuna. Sifili ne, don haka lambar cika ce ba mara ba, kuma 5 na raba ta. Ka yi ta raba ta biyu har sai ta ƙi: 22,680, 11,340, 5,670, 2,835. Sau huɗu ke nan. Sai ka tara alƙaluman 2,835, ka sami 18, tunda 3 na raba 18 kuwa, to za ta shiga 2,835 ma, kuma za ta shiga har sau huɗu, ta bar 35, wato 5 sau 7. Ashe 45,360 ta ƙunshi 2 guda huɗu, 3 guda huɗu, 5 ɗaya da 7 ɗaya.

Daga nan aikin ya yi sauƙi ƙwarai, kuma a ganina nan ne daɗin lissafin yake. Domin sanin yawan lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba, ƙara 1 a kan yawan kowane tubali, sannan ka ninka: 5 × 5 × 2 × 2, ya ba da 100. Dalilin ƙarin kuwa shi ne, wajen haɗa kowace mai rabawa kana iya ɗaukar 2 sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu, ko ka bar ta gaba ɗaya, zaɓi biyar ke nan. Babu wata lamba ƙasa da 45,360 da ke da masu rabawa har 100, kuma irin waɗannan lambobi ne masanin lissafi Ramanujan na Indiya ya yi dogon nazari a kansu a 1915.

Jimlar masu rabawar ma haka ake samunta. Fara daga 1, ka yi ta ninkawa da 2 har sau huɗu, sannan ka tara 1, 2, 4, 8 da 16, ka sami 31. Yi wa 3 haka, ka tara 1, 3, 9, 27 da 81, ka sami 121. Na 5, wato 1 da 5, ya ba da 6, na 7, wato 1 da 7, ya ba da 8. Ninka su duka, 180,048. Idan ka cire lambar kanta, saura 134,688, wanda ya zarce ta nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sa ta a ajin masu yalwa. Da jimlar ta gaza, da ta zama mai giɓi. Da ta yi daidai, da ta shiga sahun cikakku irin su 6, 28, 496 da 8,128.

45,360 ba murabba'i ba ce, wato ba a samunta ta ninka wata lamba da kanta, tunda 5 da 7 ɗaya-ɗaya ne, ba su da abokan tafiya, amma idan ka ninka ta da 35 za ka sami 1,587,600, wato 1,260 sau 1,260.

Wata lambar kuwa tana da taurin kai, ta ƙi 2, ta ƙi 3, ta ƙi 5. Kada ka yi gaggawar kiranta firam, domin 1,000,001 tana da wannan kamar, alhali 101 sau 9,901 ce. Ka ci gaba da gwada lambobin firam ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya da zarar wadda kake gwadawa, idan an ninka ta da kanta, ta wuce lambar. Ga 10,007, firam 25 da ke ƙasa da 100 sun isa, saboda 101 sau 101 ya kai 10,201, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke raba ta, don haka firam ce.