Babi na 6: Sana'a ta Waya da Littafin Lissafi

Darasi na 1: Kayan aiki

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana mata. A babin da ya gabata mun koyi rubuta lambobi har zuwa 100,000, mun kuma koyi karanta saƙon da ya shigo waya. Yau za mu ɗora sana'a a kan wannan karatu. Da yawanku kun ce mini kuna son ku riƙa sayar da kaya daga cikin gida, ba sai an ɗora wa yarinya talla ba. Ana iya yi. Kada wadda ta ce ta tsufa, kada wadda ta ce waya ta yara ce. Wadda ta iya riƙe adashin unguwa a ka shekara da shekaru, wannan ba zai gagare ta ba in sha Allahu.

Ki tanadi waya mai WhatsApp, da sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro, da rula. Littafin na sana'a ne kaɗai. Kada ki ba yaro ya yi aikin makaranta a ciki, kada ki yagi shafi don ƙunshe gishiri.

Sai asusun da za a riƙa turo miki kuɗi. Lambar waya guda 11 ce, lambar asusu guda 10. Ki ƙirga da yatsa. Idan asusun OPay ne, lambar wayarki ce aka cire sifirin farko. Ki rubuta lambar asusun a bangon littafin daga ciki, manya-manya, tare da sunan da ke kan asusun.

Darasi na 2: Hoto da sitatus

Ki fara da kaya iri ɗaya wanda kika sani sosai: atamfa, ko turaren wuta, ko hijabi, ko yajin daddawa. Ki shimfiɗa farin zane a tsakar gida da hantsi, inda haske yake amma rana ba ta dukan kayan. Ki goge idon kyamara da bakin mayafi, sannan ki ɗauka. Ki ɗora hoton a sitatus, wato wurin da ake sa hoto a WhatsApp don jama'arki su gani. A ƙarƙashin hoton ki rubuta sunan kayan da kuɗinsa. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka gobe sai kin sake sawa. Kuma wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba, ko ke ba ki ajiye tasa ba, ba zai ga sitatus ɗinki ba. A wurin biki ko suna ko Islamiyya ki ce wa mata su ajiye lambarki, ke ma ki ajiye tasu.

Bari in gaya miki abin da zai faru, don kada ya zo miki ba shiri. Mutane za su kalla su wuce. Wata za ta tambayi kuɗi, ki faɗa mata, ta yi shiru. Ana iya yin mako 2 ba a sayi ko ƙyalle ba, kishiya ko facala kuma tana tambayarki, "Yaya kasuwa?" A nan ne na ga ɗalibai da yawa sun nannaɗe kayan sun tura ƙarƙashin gado. Ki daure, 'yar uwa. Masu kallon nan suna auna ki ne, suna so su ga ko gobe ma kina nan.

Darasi na 3: Uwa da riba

Ki gyara zama. Wannan darasin shi ne ya fi kayar da mutane, kuma ba za mu bar shi ba sai kowa ta iya.

Buɗe littafin daga hagu. Na san hannunmu ya saba da allo, inda ake farawa daga dama, amma boko daga hagu yake farawa. Ɗauki rula, ki ja layi 4 daga saman shafi zuwa ƙasa. Shafin ya zama gida 5. A kan gida na farko rubuta RANA. Na biyu KAYA. Na uku NA KASHE. Na huɗu NA SAYAR. Na biyar RIBA.

Ga misali. Kin sari turmin atamfa a Kantin Kwari a kan N12,000. Kin sayar da shi N14,500. Nawa ce ribarki? Kusan kowa a aji takan ce N2,500. Ba haka ba ne. Da me kika je Kwari? Adaidaita, zuwa da dawowa, N600. Da me kika ɗora hoton? Data, mu ce N300. A me kika saka atamfar? Leda, N100. Haɗa su da kuɗin sari: 12,000 da 600 da 300 da 100 sun zama 13,000. Wannan 13,000 ita ce uwa, ita za ki rubuta a gidan NA KASHE. Yanzu cire 13,000 daga 14,500. Saura 1,500. Wannan ce riba.

Mu maimaita. Kuɗin da ya shigo wayarki ba duka ne naki ba. Uwar tana ciki, kuma uwar ta kaya ce, da ita za a koma kasuwa. Naki shi ne abin da ya rage bayan kin cire duk abin da kika kashe. Duk fa, har ledar.

Misali na biyu. Kin haɗa turaren wuta kwalba 10. Itace da turaruka da sukari sun ci N15,000. Kwalabe N2,000. Gawayi N500. Data N500. Kada ki yi sauri, ki haɗa su ɗaya bayan ɗaya a takarda. An sami 18,000. Kin sayar da kowace kwalba N2,200, kwalba 10 sun kama 22,000. Cire 18,000. Riba 4,000. Idan kwalba 6 kawai aka saya zuwa yau, kuɗin da ke hannunki 13,200 ne, ko uwar ba ta gama dawowa ba. Babu abin da za ki taɓa tukuna, ko da kuwa mai kayan miya yana sallama a ƙofa.

Ki kula da sifiri. 1,200 dubu ɗaya da ɗari biyu ce. 12,000 dubu goma sha biyu ce. Bayan waƙafi lamba 3 ake samu, ki ƙirga su kowane lokaci. Sifiri ɗaya ya ɓace, lissafin wata guda ya rushe.

Idan turmi 3 kika saro a tafiya ɗaya, kuɗin Adaidaita N600 sai ki raba shi 3, kowane turmi ya ɗauki N200. Idan kina son sanin datar da ta rage miki, danna tauraro, sai 323, sai alamar nan mai kama da ɗan tsani, wato *323#, sannan ki kira.

Yanzu ke kaɗai. Kin sari hijabi N3,500, kuɗin mota N400, leda N100, kin sayar N5,000. Rubuta uwa tukuna, sannan riba. Idan kin sami riba 1,500, kin manta mota da leda, ki sake. Ba abin kunya ba ne, hannu ne yake koyo.

Amma zan yi muku faɗa kaɗan. Na karɓi littattafan ajin da ya gabace ku, na tarar da shafi bayan shafi fari fat. Wata ta ce ai a kanta take riƙewa. Haba, Hajiya! Kan da ke riƙe da cefane da kuɗin makarantar yara da gudunmawar biki, ina zai tuna ledar N100 ta ranar Talata? Wannan baiwar Allah ta fara da jari mai kauri, ciniki kuma yana tafiya, amma kullum sai ta ɗebi na kalaci daga kuɗin da ya shigo. Kafin Sallah babba ko turmi ɗaya ba ta iya sarowa. Ba wanda ya yi mata sata, ba wanda ya yi mata baki. Uwar ta cinye, sannu a hankali, ba ta sani ba. Na ji zafin abin ƙwarai, shi ya sa nake ta nanata muku. Ki rubuta a ranar da kika kashe, ki rubuta a ranar da kika sayar, kafin ki kwanta. Bashin da ƙanwarki ta ɗauka ma ki rubuta, da sunanta da ranar, kuma kada ki sa shi a gidan RIBA sai ta biya.

Kowace Juma'a da yamma ki haɗa ribar mako, ki ja layi a ƙarƙashinta. Rabi ki mayar cikin jari, rabi ki yi hidimarki. Ranar da gwiwarki ta yi sanyi, ki buɗe littafin daga shafin farko. Za ki ga rubutunki na watan farko a karkace, na yanzu ya miƙe. Za ki ga makon da riba ta tsaya a 800, da makon da ta kai 3,000. Da hannunki kika rubuta, ba wani ne ya ba ki labari ba.

Darasi na 4: Alat, saƙon shigowar kuɗi

Kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit. Ana yin na bogi. Buɗe asusunki, ki ga kuɗin sun ƙaru da idonki. Lambar sirrinki da lambar BVN ba a ba kowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake. Kuɗi sun shigo? Ɗauko littafi, cire uwa.

Darasi na 5: Aika kaya wani gari

A kai tasha. A rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jikin ledar. Ki karɓi lambar direba ki tura wa mai kayan. Ku yi magana tun farko a kan wanda zai biya kuɗin mota. Idan ke ce, ya shiga gidan NA KASHE.

Darasi na 6: Rajista

Idan sana'a ta kankama, ana yi wa sunanta rajista a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista. Za mu yi maganarsa nan gaba.

Aikin gida: ki ja gida 5 a shafi 4. Ki zo da littafin ranar Asabar, zan duba.