Yadda ake ɗora wa Tomcat aikin tantance masu shiga manhaja da rabon matsayi

Wanda yake rubuta manhajar yanar gizo da Java ba ya buƙatar ƙirƙiro tsarin binciken suna da kalmar sirri da hannunsa, domin Tomcat, uwar garken da manhajar take gudana a kanta, tana iya tsayawa kamar mai gadi a bakin ƙofa, ta tambayi kowa sunansa kafin ta bar shi ya wuce. Mu ɗauki misalin ƙungiyar manoman albasa a yankin Tahoua, wadda take rubuta a manhajarta buhunan da suke shigowa daga Galmi da kuɗin sefa da ake biyan kowane manomi.

Kafin a taɓa kowane fayil, a zauna da shugabannin ƙungiyar a tsai da matsayai, ba sunayen mutane ba, tun da mutum yana iya barin aiki gobe amma aikin yana nan. Biyu sun isa a nan: magatakarda mai rubuta buhuna, da ma'aji mai ganin kuɗi. A cikin fayiloli gara a rubuta maaji babu waƙafin sama, kuma a kula cewa Tomcat tana bambanta babban baƙi da ƙarami.

Dokokin kariya suna zaune ne a web.xml, fayil ɗin saitin manhajar, cikin jakar WEB-INF. Ana bayyana kowane matsayi da security-role, sannan a buɗe security-constraint a sa hanyar shafukan da ake son karewa a url-pattern, misali /kudi/*, a kuma rubuta maaji a cikin auth-constraint. A nan ne akasari ake tuntuɓe. Idan aka ambaci GET (buƙatar ganin shafi) kaɗai a http-method, to POST (buƙatar aika bayani) ya zauna a buɗe ga kowa, alhali da shi ake aika adadin kuɗi. Saboda haka ya fi kyau kada a ambaci ko ɗaya, ko kuwa a ƙara deny-uncovered-http-methods, wanda ya zo da Servlet 3.1 (sigar ƙa'idar Java ta manhajojin yanar gizo) kuma yake rufe duk hanyar da ba a ambata ba. Haka kuma dokar tana aiki ne a kan buƙatar da ta fito daga burauza, ba ta hana wani shafi na cikin manhajar tura mutum zuwa shafin kuɗi ta forward, wato miƙa buƙata daga shafi zuwa shafi a cikin uwar garke.

Sai login-config, inda ake zaɓen hanyar shiga. BASIC ta fi sauƙi, amma burauza tana riƙe kalmar sirri har a rufe ta, abin da bai dace da ofishin da ma'aikata da yawa suke amfani da kwamfuta ɗaya ba. A ganina FORM ce ta dace: a tanadi shafin shiga da shafin kuskure, fom ɗin ya aika zuwa j_security_check ta POST, gurabensa biyu su ɗauki sunayen j_username da j_password daidai yadda suke. Kada a ba mutane adireshin shafin shiga kai tsaye. Su nemi shafin da aka kare, Tomcat ta tare su, bayan sun shiga ta mai da su inda suka nufa.

Wurin da Tomcat take duba sunaye shi ake kira Realm. Fayil ɗin tomcat-users.xml da ke cikin conf ya isa gwaji, amma idan aiki ya kankama sai a koma DataSourceRealm, wanda yake karanta tebura biyu a rumbun bayanai: ɗaya na suna da kalmar sirri, ɗaya na suna da matsayi, ginshiƙin suna ya zama iri ɗaya a duka biyun. Wanda ya samu tsohon darasi mai JDBCRealm ya sani an cire shi daga Tomcat 10. Ba a ajiye kalmar sirri tsirara. A rikiɗa ta da digest.sh na cikin bin, a kuma sa CredentialHandler, mai gwada kalmar da aka rubuta da wadda aka ajiye, a cikin Realm da tsarin rikiɗawa iri ɗaya, in ba haka ba babu wanda zai iya shiga ko da ya rubuta daidai. A lulluɓe Realm ɗin da LockOutRealm, wanda bisa asalin saitinsa yake kulle suna na daƙiƙa 300 bayan kuskure 5.

A ƙara transport-guarantee mai darajar CONFIDENTIAL domin a tilasta HTTPS, hanyar sadarwa mai ɓoye bayani; a saitin farko wannan yana karkatar da mutum daga mashiga (port) 8080 zuwa 8443, muddin an kunna wannan mashigar da takardar shaida. A saitin farko zaman mai shiga yana ƙarewa bayan minti 30 na rashin motsi, kuma maɓallin fita ya kira request.logout.

Wajen gwaji, a shiga da sunan magatakarda a nemi /kudi/. Amsar da ake jira ita ce 403, wato an hana shi shiga. Idan shafin ya buɗe, a koma a duba url-pattern da jerin matsayan da aka ba wannan suna a tebur.