Yadda za ka gano abin da tsiro ɗan ci-ma-zaune ya zubar daga DNA ɗin kuloroplas ɗinsa

Duk wanda ya taɓa ganin wuta-wuta ta shanye gonar dawa, ko ya ɗaga kai ya ga kauci a reshen kaɗanya, ya san akwai tsirran da a jikin wani suke ci. To ɗaliban bayoloji masu neman furojet, ga aikin da za ku yi da laftof da data kawai, ba sai kun shiga lab ba.

Kuloroplas shi ne ɗan madafin da ke cikin ganye, inda ake haɗa abinci da hasken rana, kuma yana da nasa DNA ɗin daban. Na ganyen taba tun 1986 aka karance shi, harufa wajen 156,000 ne. Tsiron da ya daina girki da kansa sai ya dinga zubar da kayan girkin, wato ƙwayoyin gadon da ke cikin DNA ɗin, a hankali, wannan zubarwar ita za ka bi sawu.

Ka shiga shafin NCBI, rumbun bayanan DNA na intanet, sashen Nucleotide, ka rubuta sunan tsiron na kimiyya ka sauke DNA ɗin kuloroplas ɗinsa a fayil samfurin GenBank. Amma fa dole ka sami ma'auni, wato tsiron da ke ciyar da kansa, ni dai riɗi nake ba da shawara saboda dangin wuta-wuta ne ba na nesa ba. Sai ka ɗauko Striga, wato wuta-wuta, da Viscum wanda irin kaucin Turai ne, da Epifagus virginiana na dazukan Amurka, wanda ko ɗigon kore babu a jikinsa, nasa DNA ɗin ya ƙanƙance zuwa harufa 70,000 da ƙwayoyin gado 42 kacal. Ka ɗora kowanne a OGDRAW, wata manhaja ta intanet, zai zana maka DNA ɗin a da'ira, kana jera su ido ma zai nuna maka bambancin.

Daga nan ka buɗe Excel, ƙwayoyin gado a gefe, tsirrai a sama, kana cikewa akwai ko babu. Fara da rukunin ƙwayoyin gadon da ake kira ndh don su ne ke fara tafiya, Viscum ma da yake kore shar ya rabu da su. Sai psa da psb da rbcL na haɗa abinci, sai rpo na karanta DNA, sai atp na haɗa makamashi.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ƙwayar gadon da aka sa wa alamar ψ, wannan gawa ce, sunan na nan amma ba ya aiki, kar ka ƙirga shi cikin masu rai. Kuma wasu fayilolin akwai kuskure a laƙabinsu, in wani abu bai kwanta maka ba ka sake bi da shi ta GeSeq, manhajar da ke sa wa ƙwayoyin gado laƙabi.

Abin da ya fi taɓa ni wallahi shi ne waɗanda ke ƙin tafiya, irin accD da trnE, don ko an daina girki tsiron na buƙatar su wajen haɗa kitse da sinadarin hem. Rafflesia kuwa, wani tsiron ɗan ci-ma-zaune, kar ka ɓata datarka, a 2014 masu bincike sun nemi DNA ɗin kuloroplas a wani nau'inta na ƙasar Filifin ba su same shi ba.